Ranar da Na Ɗaure Taubashina a Kasuwar Tsafe

Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai kamar yadda haƙora suka zube daga baki. Amma akwai wasu kwana shida da na yi a Tsafe ina saurayi, waɗanda ba zan taɓa mantawa da su ba har ranar da za a rufe ni. Abin da ya jawo su kuwa ba sata ba ce, ba faɗa ba ne. Wasa ne kawai, wasan da na yi ya fi a ƙirga a gida, ba wanda ya taɓa ko ɗaga kai ya dube ni.

Lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasar nan ba. Ni haifaffen Gusau ne. Ina da goggo, ƙanwar babana, tana aure a Bungudu, kuma tana da ɗa sa'ana, 'yan watanni ne tsakaninmu. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin taubasai: ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace kuwa bawa. Ni ne ɗan namiji. Tun muna ƙanana, ina shiga gidansu sai in ɗaga murya in ce, "Ina bawan nan nawa ya shiga?" Goggo ta amsa daga madafa, "Yana can bayan rumbu, je ka kama abinka." Shi kuwa Allah ya yi shi gwanin kwaikwayo. Da na kama shi sai ya zube ƙasa yana birgima yana roƙon a yi masa rai, mata su yi ta dariya har suna riƙe ciki. Ba ni da aboki a duniya kamarsa. Akushi ɗaya muke ci, in rigata ta yage tasa nake sawa.

Sai dai wanda bai san mu ba, ba zai ce jini ɗaya muke ba. Babansa baƙo ne, daga kudu ya zo ya zauna a Bungudu, can ya rasu. Taubashina kamanninsa ya ɗauko, gajere kakkaura, baƙi wuluk, kuma askar gidan ubansa ce a fuskarsa. Ni dogo ne siriri, da askar gidanmu. Wannan bambanci ban taɓa kula da shi ba sai da ya kusa kai ni ga halaka.

Wata shekara bayan kaka muka yi shawarar mu gwada fatauci. Muka ɗora wa jakai uku taba da albasa, muka nufi kasuwar Tsafe, wadda daga ni har shi ba wanda ya taɓa takawa. Muka yada zango a gindin dutsen Kwatarkwashi, inda muka haɗu da wani dattijo mai fataucin kanwa, muka ƙarasa tafiyar tare. Kafin nan na ji an yi shela a Gusau cewa an hana saye da sayar da mutum, wanda duk aka kama zai sha ɗauri. Ta wannan kunne ta shiga ta fita ta wancan. Gidanmu ba mu taɓa mallakar bawa ba, to me ya haɗa ni da ita? Abin da ban sani ba shi ne, har lokacin akwai masu ratsowa da mutane a ɓoye ta wannan hanya, in an tare su su ce ƙanensu ne ko ɗan 'yar'uwarsu. Mutanen Tsafe sun ga irin haka, idonsu a buɗe yake.

Kasuwa ta yi mana kyau ranar. Kafin azahar kaya sun ƙare. Ni ina sanye da sabuwar rigata da hula, ina ta yauƙi kamar wani babban falke. Taubashina kuwa ya tuɓe riga saboda sauke kaya, daga shi sai ɗan guntun wando, jiki duk gumi da ƙasa. Na sayo rake na ajiye, ina juyawa na ga ya shanye rabi. Daɗin ciniki na ɗibata, sai na fizgo igiyar jaki na zarga masa a wuyan hannu, na ja shi tsakiyar hanya.

"Yau ƙaryarka ta ƙare," na ce da ƙarfi. "Taba ta tafi, albasa ta tafi, saura kai. Jama'a, wa ke sayen bawa? Ga ci, ga barci, ba ya aiki!"

Shi kuwa kamar jira yake. Ya durƙusa, ya ɗaga hannu sama, ya kwarma ihu: "Wayyo Allah! Jama'a ku cece ni! Da uwata ya raba ni!" Ya murza ido da hannun da ya wuni yana ɗibar albasa, sai ga hawaye shar-shar, na gaske.

Na tsaya ina jiran dariya. Ba wanda ya yi. Masu awo suka tsaya da mudu a hannu, mahauta suka ajiye wuƙa. Kafin in gane abin da ke faruwa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta taso daga gefen hanya, faifanta ya kife, daddawa ta watse a ƙasa ko waiwaye ba ta yi ba. Ta cafke igiyar da hannu biyu. Tsohuwa ce 'yar firit, amma na ja na ji kamar a kututture aka ɗaure.

"Ba ka tafiya da shi," in ji ta, jikinta na ɓari. "Wanga kam ba ka tafiya da shi!"

Na fashe da dariya na ce, "Haba Inna, wasa ne fa."

Ta ƙura mini ido, ta ce, "Har dariya kake yi." Sannan ta juya ta kurma ihu a kira dogarai.

Nan take mutane suka yi mana zobe. Taubashina ya miƙe, ya share fuska, ya ce, "Don Allah ku tsaya. Ɗan'uwana ne, ɗan kawuna ne, taubashina ne." Wani daga cikin taron ya ce, "Haka ake koya musu su faɗi." Wani ya ce, "Dubi askarsu mana. Ina wannan ina wancan?" Daga nan duk abin da muka faɗa sai ya juye ya zama shaida a kanmu. In na yi rantsuwa, a ce tsoro ne. In ya kare ni, a ce barazana na yi masa. Da ya kama kuka na gaske ganin an murɗe mini hannu baya, sai tsohuwar ta rungume kansa tana cewa, "Yi shiru ɗana, ka tsira." Ban taɓa sanin gaskiya za ta iya fita daga bakin mutum ta isa kunne a matsayin ƙarya ba sai ranar.

Aka kai mu gaban alƙali, wani dattijo mai sanyin magana. Ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sunan kakanmu da na unguwarmu, amsoshinmu suka zo ɗaya. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Samari, na san wasan taubasai, ni ma ina da taubashi. Amma ba a daɗe ba anka kawo mini wani da yarinya, ya ce ƙanwarsa ce, ita ma ta ce yayanta ne, har sunan uwa sunka faɗa iri ɗaya. Na sake su. Daga baya na ji inda ya kai ta. Ba ni sake yin wanga kuskure." Aka nemo dattijon nan mai kanwa, shi ma ya faɗi iyakar abin da ya sani: a hanya ya gamu da mu, ya ga muna ci tare, amma bai san asalinmu ba, ba zai rantse ba. Alƙali ya yanke cewa a tsare ni har sai wani babba daga gida ya zo. In ba wanda ya zo, za a tura ni gaba, inda ake yanke wa masu irin wannan laifi ɗaurin shekaru. Babana a lokacin yana kwance ba ya iya tafiya. Mai kanwa, Allah ya jiƙansa, ya ce tun da hanyarsa ce zai biya Bungudu ya gaya wa goggo.

Aka kai ni gidan yari, aka sa mini mari a ƙafa. Taubashina kuma aka sauke shi a zauren mai unguwa, aka hana shi zuwa inda nake, wai kada in tsorata shi. Kwanakin nan na yi tunani iri-iri. In mai kanwa ya manta fa? In goggo ba ta da lafiya? In labari ya isa kunnen babana yana cikin wannan ciwo? Amma ba zan ɓoye ba, abin da ya fi cika mini zuciya haushin tsohuwar nan ne. Na tsine mata a raina ya fi sau ɗari. Ina cewa wace irin uwar shisshigi ce wannan, wadda ba ta san wasa ba? Ko sau ɗaya ban tambayi kaina dalilin da ya sa jikinta ke ɓari ba. Yaro bai cika yin irin wannan tambaya ba.

Daga baya taubashina ya ba ni labarin nasa zaman. Kullum da hantsi sai tsohuwar ta zo da kunu, da yamma ta kawo tuwo da miyar da ta ji daddawa. Ta zauna tana kallonsa har ya cinye. Ta wanke masa riga, ta shafa masa man shanu a wuyan hannu inda igiya ta ɗan goge shi. Kullum sai ya ce mata, "Inna, wallahi ɗan'uwana ne, ki taimaka a sake shi." Ita kuma ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Na sani. Na san haka anka ce ka ce. Ci abincinka." Ya ce tun yana jin haushi har ya koma jin nauyinta, don bai taɓa ganin wanda ya damu da shi haka ba, alhali bai san ta ba, ba ta san shi ba.

Ran kwana na shida goggo ta iso. A ƙasa ta tako tun daga Bungudu, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Aka tara mu gaban alƙali, mutane sun cika ƙofa, tsohuwar na zaune kusa da taubashina kamar mai gadinsa. Goggo ta durƙusa ta gaida alƙali. Da ta hango ni da mari sai ta saki salati, ta rarrafo ta kama ƙafata tana kuka tana kiran sunana. Ɗan nata kuwa ko kallon inda yake ba ta yi ba.

Tsohuwar ta yi zumbur ta ce, "Allah gafarta Malam, ka gani ko? Wagga uwar wancan ce, ba ta wanga ba. Wace uwa za ta kwana shida ba ta ga ɗanta ba, ta zo ta ba shi baya?"

Mutane suka fara gunaguni. Alƙali ya ɗaga hannu, ya dubi goggo ya ce, "Baiwar Allah, wanga yaro mi sunansa?"

Goggo ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Ya sake tambaya. Can ta ce a hankali, "Allah gafarta Malam, a tambayi wani."

Ni na ɗauka ta kashe ni ke nan. Sai na ga alƙali ya yi murmushi. Ya ce, "Shi ne na fari?" Goggo ta ƙara dunƙulewa, ta gyaɗa kai. Ai kuwa taubashina ɗan farinta ne, kuma tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Na saba da abin har na daina ganinsa.

Alƙali ya juya ga jama'a ya ce, "Da hayarta anka yi ta zo ta yi shaidar zur, da tun daga ƙofa za ta faɗa kansa tana kuka, don mu gani. Wagga ta tako tun daga Bungudu, amma kunya ta hana ta dubansa. Ku dubi hannunta." Muka duba. Tana riƙe da ƙafata, amma ɗaya hannun ta miƙa shi baya, ta damƙe bakin wandon ɗanta, ba tare da ta waiwaya ba. Alƙali ya ce a cire mini mari. Sannan ya yi mini faɗan da har yau ina jin zafinsa. Ya ce, "Kai kuma, wasan tsakar gida ba a kai shi kasuwar da ba a san ubanka ba."

Muna fitowa na ji 'yan kasuwa sun fara yi wa tsohuwar dariya, waɗanda jiya-jiya suke yaba mata. Wani ya ce, "Inna, yau wa za ki ceto, jaki ko akuya?" Ta ɗauki faifanta ta wuce kanta a ƙasa. Ni kam daɗi na ji, na ce ta ga abin da ta jawo wa kanta. Goggo ta harare ni ta ce, "Wuce mu tafi gidanta. Matar da ta ciyar da ɗan mutane kwana shida, ba a barin garinta ba a gode mata ba." Na so in yi gardama, na tuna da ƙafafunta, na haɗiye.

A ƙarshen gari take, cikin wani ɗan ɗaki na kara, ita kaɗai. Da ta gan mu sai ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Ta dube ni ta ce, "Yaro, na cuce ka. Ka yafe mini." Na kau da kai, don zuciyata ba ta sauka ba. Sai ta fara magana, ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo.

Ta ce ita ba 'yar nan ba ce. Tana da ƙuruciya mahara suka faɗa wa ƙauyensu, aka kwaso ta da ɗanta, yaro ɗan shekara bakwai. Aka yi ta tafiya da su har wata kasuwa. Can wani mutum ya zarga wa yaron igiya a wuyan hannu, ya ja shi tsakiyar hanya yana tallansa. Yaron yana kiranta, ita kuma an riƙe ta. Kasuwa cike da mutane, ba wanda ya ce uffan.

"Shi ma mutumin dariya yake yi," in ji ta. "Yana cewa ga ci, ga wayo. Tun rannan ban sake ganin ɗana ba. Na yi wa Allah alkawari, in na sake ganin haka da idona, ko za a kashe ni ba ni yin shiru."

Ta ɗago ta dubi taubashina ta ce, "Da yana raye, da ya girme ka nesa. Na san haka. Amma da na ji ka ce an raba ka da uwarka, ban ga kasuwar Tsafe ba, waccan na gani."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ashe dariyar da na ɗauka ita ce hujjata cewa wasa nake, ita ce ta tabbatar mata da gaske nake. Na matsa na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ni ne zan roƙi gafara. Ba ki yi laifi ba." Ta dafa kaina ta ce, "Ba ka sani ba ne." Goggo ta kama hannunta ta ce, "Da ɗan wata ne anka kama da gaske, da yau uwarsa ke gode miki. To ni ma na gode." Suka zauna su biyu suna kuka, mu muna kallon ƙasa.

Mun ci gaba da zuwa Tsafe shekara da shekara. Ba mu taɓa shiga kasuwa ba sai mun fara biyawa ta ɗakinta, taubashina ya kai mata albasa da ɗan gero, ita kuma ta cika mana ƙwarya da daddawa. Tana kiransa ɗanta, ni kuma tana ce mini "mai dariya", har ta kai tana faɗa tana murmushi. Da ta rasu muna cikin waɗanda suka kai ta. Wasa tsakanina da taubashina bai mutu ba, mun yi ta tsokanar juna har furfura, amma waccan kalma ban ƙara furta ta ba ko a tsakar gida. Ba wanda ya hana ni. Bakina ne ya ƙi.

Abin da na koya shi ne, mai magana rabin maganar kawai yake riƙe da shi. Ɗaya rabin yana wurin mai ji, da abin da ya taɓa gani, da wurin da kuke tsaye, da zamanin da ake ciki. Kalma ɗaya ta sa mata dariya a Bungudu, ta sa wata kuka a Tsafe, kuma daga cikinsu ba wadda ta ji ba daidai ba. Saboda haka nake gaya wa jikokina: kafin ka buɗe baki, dubi wanda ke kusa da kai, don ba ka san tabon da ke ƙarƙashin rigarsa ba. In kuma wani ya ɗauki maganarka ba yadda ka nufa ba, kada ka yi saurin ce masa wawa. Fara tambayarsa abin da ya ji, wataƙila akwai abin da ya sani wanda kai Allah ya raba ka da saninsa.